Rubutun Auta a Kan Tebur

Ku ji min yara! Wai me ya sa na hana a taɓa tsohon teburina. Da can da kuka ga ina rufe shi kun ɗauka hauka nake yi? Ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Akwai wani kafinta da ake kira Na-iya, don ba ya taɓa cewa "ban sani ba". Mahaifiyarsa ta tsufa, idonta ya tafi. A ɗakinta akwai teburin farin katako mai laushi, irin wanda ko farce ka danna sai ya bar shaida. Duk ya dushe, ga zoben kofi, ga tabon mai.

A kansa autanta yake aikin makaranta kafin ya rasu. Yaron danna biro yake yi, har rubutun ya ratsa takarda ya zauna a katako. Tsohuwa ba ta taɓa karatu ba, amma kullum sai ta bi layukan da yatsa.

Wata safiya ta ce, "Babba, ƙafar teburin nan tana rawa. Ka gyara min."

Ya ɗauka ya kai shago. Matarsa ta same shi da samfefa, takardar goge katako, a hannu.

"Baban yara, ƙafa fa Inna ta ce."

"Gyara ta ce. Ke za ki koya min gyara? Je ki duba tukunyarki."

Ya goge da mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa man sheƙi sau uku. Tebur ya fito kamar madubi. Ya kawo yana taƙama.

Inna ta ɗora hannu. Ta shafa dama, ta shafa hagu, ta dawo tsakiya.

"Ina Auta?"

Nan ya gane rubutun yaron ya kankare. Ya koma shago da gudu, ya tarar an share garin katakon an zubar.

Ya dawo ya kwashi tebur, ya sami ƙusa, ya yini yana zana baƙaƙe yadda ya tuna su. Ya mayar mata a hankali.

Ta bi layi ɗaya da yatsa, ta janye hannu.

"Sannu da wahala, Babba. Wannan hannunka ne. Ƙaninka bahago ne."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa aka fitar da teburin, har ta rasu ba ta sake tambayar inda yake ba. Teburin yana shagon Na-iya har yau, ya kife shi a lungu. Ƙafar kuwa tana nan tana rawa.

Darasi: In an ce ka gyara abu, tambayi mai shi inda ya lalace. Tabon da ke damun idonka, wani da shi yake rayuwa, kuma abin da ka kankare ba ya dawowa. Ku tura wa duk mai saurin hannu a gidanku.

Shi ya sa na hana a taɓa nawa. To, ku sauke min gwiwar hannu daga kan tebur. Kowa ya wuce ya kwanta!