Jeren Malam Abdulsalami

Malam Abdulsalami, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mana yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo a wata kwaleji a Birnin Kudu. Har yau ina kewar muryarsa da farar ƙurar allin da ba ta rabuwa da hannun rigarsa. Aibinsa ɗaya ne: tattalin kaya ya yi masa yawa.

A shekararmu ta ƙarshe aka kawo wa sashenmu allunan lantarki guda huɗu. Ɗalibi kan rubuta tsarinsa a kwamfuta ya ɗora wa allon, sai allon ya koma na'urar rarraba saƙo, gobe ya goge ya ɗora wani. Don gwaji da kuskure aka ƙera su. Amma Malam ya naɗe su a sabon zane, ya kulle a akwati a kusurwar ofis. Sai manyan baƙi sun zo yake buɗewa su leƙa, kamar kwanukan amarya. Muka sa musu suna jeren Malam.

Khuzaima, 'yar ajinmu daga garin Sara da ke Gwaram, ta fi mu kai nesa ba kusa ba. Ta tsara yadda saƙon asibitin ƙauye zai riga bidiyon samari wucewa idan layi ya cunkushe. Wata cibiyar bincike a Kano ta ce za ta ɗauke ta, in ta nuna tsarin yana aiki a kan allo.

"Malam, don Allah a ara mini allo ɗaya, ko na awa ɗaya ne," in ji ta.

"'Yata, in ya ƙone fa? Wa zai kawo mana wani? Ƙara gyara shi a takarda tukuna."

Haka ta yi ta sintiri damina guda. Saura kwana uku wa'adin da cibiyar ta ba ta ya cika, Malam ya sauko, ya tara mu, ya yi bisimilla ya buɗe akwatin. Ashe rufin kusurwar yana yoyo, zanen ya sha ruwa ya riƙe. Allunan sun yi kore shar, tsatsa ta cinye bakin wayoyinsu. Muka jona su ɗaya bayan ɗaya, ko ƙyaftawa babu wanda ya yi.

Malam ya zauna ya tuɓe hula. "Ba wanda ya lalata su sai ni. Khuzaima, ki yafe mini."

Ta yafe, amma gurbin ya wuce ta. Bara na je Sara, na same ta tana koyarwa a firamare. Ta ɗauko mini tsohon littafinta na kwaleji, tsarin na nan tsaf, bai taɓa aika ko saƙo ɗaya ba. Raina ya ɓaci kamar ranar aka yi abin.

Darasin a nan shi ne, kayan koyo ba na ado ba ne. Wanda ya hana ɗalibi taɓa su don tsoron lalacewa, zai rasa kayan, ya kuma tauye ɗalibin da aka kawo su dominsa.