Makanikin Da Bai Ɗaga Motar 'Yarsa Ba

Kun ishe ni da saƙonni, wai admin bai iya komai ba sai barkwanci. Ni da na taɓa sa ƙato kuka a tsakiyar kasuwa da labari ɗaya. To ku gyara zama, kuma kada wanda ya zo ba ni haƙuri daga baya.

Akwai wani tsohon makanike da kowa ke kira Mai Kunne. Ya fi shekara talatin a rumfa ɗaya bakin titi, da bencinsa da baƙin mai ya rine. Idan ka kawo masa mota, ba ya taɓa ta. Gaba yake shiga ya zauna, ya ce ka ja, ya lumshe ido. Kafin ku sha kwanar farko ya gaya maka ciwonta.

Ni ma na so in kai masa tawa, sai dai har yau tana hanya. Masu kawo ta ne ba su da kirki.

Tsallaken titi akwai wani makanike, sa'ansa, mutum mai sanyi. Shi duk motar da ta zo sai ya sa jak ya ɗaga ta, ya juya taya da hannu, ya girgiza ta, ya dafa sifirin da ke riƙe da ita. Mai Kunne ya laƙaba masa Sarkin Jak, sunan kuma ya bi shi.

"Sarkin Jak, an ɗaga?" Haka yake ƙwala masa kira gaban mutane. "Ɗaga ta, ɗaga ta. Tunda ba a ba ka kunne ba, ai dole ka yi rarrafe."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Allah dai ya bar maka naka."

Sannu a hankali kunnen ya fara tafiya. Na hagu ya riga, na dama ya bi baya. Mai Kunne bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon bakin mai magana. A mota kuma yana haɗa rawar kujera da tsohon sani ya yi hasashe, sau da yawa ya dace.

Yana da 'ya guda, malamar makaranta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Wata rana da la'asar ta tsaya gaban rumfar da 'yar motarta.

"Baba, ƙafar gaba ce take wani kuka. Gobe kuma zan yi doguwar tafiya, an tura mu duba jarrabawa."

"Matsa mu ji ta," ya ce, ya shiga ya zauna.

Suka hau titi. Malama tana tuƙi tana bayani. Ƙarar wuu-wuu-wuu take yi, tana bin gudun motar. In ta karya hagu sai ta ƙaru, in ta karya dama sai ta lafa. Ga sitiyari yana rawa a hannunta.

Duk makaniken da ya ji wannan bayani zai ce boris ne, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Amma Malama titi take kallo, gefen mayafinta ya rufe bakinta. Mai Kunne bai ji ƙarar ba, bai ji bayanin ba. Abin da ya samu kawai rawa ce a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Rawa kuwa ita kaɗai ba ta faɗin gaskiya. Taya tana yin ta, lanƙwasasshen rim, wato ƙarfen da ake sa wa taya, yana yin ta, boris ma yana yi.

Suka dawo rumfa. Akwai jak a ƙarƙashin benci, wanda yake sawa idan zai canja kaya. Aikin minti biyar ne: ya ɗaga, ya juya tayar, ya dafa, hannunsa ya gaya masa abin da kunne ya ɓoye.

Ya dubi jak ɗin. Ya dubi tsallake. Sarkin Jak na zaune da kofin shayi, fuskarsa na wajensu.

"Taya ce," in ji Mai Kunne. "Ta ci gefe ɗaya. Je ki dawo, sai a canja."

"Baba, ka tabbata? Ƙarar fa tana da ƙarfi."

"Uwata, yau kuma ke za ki koya mini jin mota?"

Ta yi dariya. "Tuba nake, ranka ya daɗe."

Tana barin wurin Sarkin Jak ya tsallako, yana shafa ƙeya.

"Motar Malama fa, da ta wuce kamar na ji wani abu a ƙafar dama."

Wannan karon Mai Kunne ya ga bakin sarai, ya kuma gane.

"Au, kai ma ka fara ji? Masha Allah. Koma wajen jak ɗinka kada ya yi kewarka."

Mutumin ya juya ya koma.

Washegari da hantsi waya ta yi ta ruri a aljihun rigar da Mai Kunne ya rataye. Bai ji ba. Sai da aka kira Sarkin Jak, shi ya tsallako ya riƙe masa hannu biyu, ya faɗa masa a hankali yadda zai ga bakinsa.

Boris ya ƙone ana tsakar gudu, taya ta cije, mota ta wuntsila cikin rami. Malama tana da rai. Amma ƙafarta ta dama ta ragargaje, likitoci sun ce ko ta warke sai da sanda.

Sarkin Jak ne ya je ya jawo motar. Da ya kwance ƙafar, ya naɗe boris ɗin a tsumma ya kawo. Ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, 'ya'yan cikinsa sun zama gari. Ya ajiye a kan bencin Mai Kunne. Duk wanda ya tambaye shi me ya faru, sai ya ce, "Tsautsayi ne."

Kwana uku Mai Kunne yana zuwa asibiti, yana zama a barandar ɗakin da aka kwantar da ita, bai iya shiga ba. A na huɗu matarsa ta fito ta tsaya a gabansa.

"Malam, tun jiya take tambayarka. Tashi."

Ya shiga. Ga ƙafar a rataye cikin filasta, ga fuskar duk ƙujewa. Ya tsaya a gefen gado, hularsa a hannu.

"Uwata," ya ce, "ban ji ƙarar nan ba. Shekara biyu ke nan ba na ji. Da na ɗaga ta da na gani. Kunyar mutumin tsallake ce ta hana ni."

Malama ta juya fuska wajen bango ta faɗi wata magana. Mahaifiyarta ta rufe ido da gefen zane.

Mai Kunne ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Me ta ce?"

Ya matso, ya dafa ƙarfen gadon.

"Juyo ki faɗa mini. Ba na ji, Uwata."

Ta juyo, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ta buɗe baki sosai, tana faɗa ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce mun sani, Baba. Duk gidan mun sani. Me kake tsammani ya sa muke zuwa gabanka kafin mu yi magana?"

Ya saki ƙarfen gadon.

"To me ya sa kika kawo mini?"

"Da na kai wa wani, labari zai zo maka. Na san ba za ka ci abinci ba ranar."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, goshinsa a jikin ƙarfen gadon. Ita ce ta miƙo hannun da ba a sa wa allura ba, ta dafa kansa.

Ba kuka nake ba, mura ce ta kama ni tun jiya.

Darasi: Idan abin da aka san ka da shi ya fara gudunka, ka faɗa da bakinka, ka ɗauki hanyar da ka raina in ita ce za ta tsare ran wani. Ku kuma masu ɓoye wa babba gaskiya don kada ransa ya ɓaci, ku duba wa zai ɗauki nauyin shirun. Ku tura wa duk mai mota da duk mai tsoho a gida. Na san halinku, karantawa kuke ku wuce kamar ba ku gan ni ba, to yau dai ku ba ni kunya.