Dakalin da Na Rushe wa Kakana

Sunana Lirwanu, ɗan Bodinga. Allah ya yi ni da gaggawa da son a ce ni na yi. Shekarar da samarin unguwarmu sunka naɗa ni shugaban aikin gayya, sai na ƙudurta faɗaɗa lungunmu don Keke Napep ta riƙa shiga. Abin da ya tare hanyar dakali ne guda, na laka, tsakanin gidanmu da masallaci.

Munka kira taro ƙofar gidan mai unguwa. Kakana, Malam Sodangi, wanda ya haura tamanin, ya dogara sanda ya miƙe.

"Yara, ku bar mini dakalin ga. Nan nika zama in maida numfashi in za ni masallaci. Ƙafata ba ta kai ni tashi guda."

Da wani dattijon ne, da na sunkuyar da kai. Amma kakana ne, akwai wasan jika tsakaninmu, sai na fake da shi.

"Tsoho, masallaci ko hira? Mun san ka, goron abokinka Malam Anas kaka zuwa ci! In ka gaji zauna gida, ni in riƙe maka kakata Asabe, dama matata ce."

Wuri ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi murmushi, don kaka ba ya fushi da wasan jika cikin jama'a. "Ja'iri," ya ce, ya koma ya zauna. Sauran tsofaffin da sunka zo da magana a baki, kowa ya haɗiye tasa.

Washegari munka rushe dakalin. Keke ta shiga lungu, ana ta yi mini sannu da ƙoƙari.

Kwana uku kakana yana gwada zuwa masallaci. A na huɗu anka iske shi dafe da bangon wani gida yana haki, an riga an sallame Azahar. Daga ranar ya koma salla a zaure. Malam Anas, abokinsa tun suna kiwo a Kajiji, shi ma a dakalin yake tsayawa. Gida tara ne tsakaninsu, amma ba su ƙara zama tare ba.

Ni ina can ina hidimar ƙungiya, ban lura ba. Bayan wata biyar Allah ya karɓi ran kakana.

Ranar sadakar uku kakata Asabe ta kira ni ɗakinta.

"Duk kiran salla sai ya sa takalmi, ya zo bakin zaure ya tsaya, sannan ya cire. Nac ce bari in faɗa ma Lirwanu. Yac ce, 'Ƙyale yaron, kar ki ba shi kunya gaban abokanai.'"

Na kasa ɗaga kai. Har yau in anka kira Azahar, sai in tuna shi tsaye bakin zaure da takalmi.

Ajali na Allah ne, amma wata biyar ɗin nan da ya yi ba jam'i ba aboki, ni na jawo masa. 'Yan uwana samari, in za ku gyara unguwa, ku fara zama da tsofaffinta, ku tambaye su inda suke hutawa da inda ƙafarsu ke kasawa. In sun yi magana ku saurara har su gama, kada ku maida ita wasa, don tsoho in an yi masa dariya sau ɗaya, ba ya sake roƙo.