Ranar da Walƙiya Ya Ɓoye Gilashin Anti

Wallahi ba za ku yarda ba, amma ku karanta.

Akwai wani ma'aikacin ɗakin fayil a asibiti, ana ce masa Walƙiya saboda sauri. Aikinsa shi ne sa wa kowane fayil lambar cuta a kwamfuta. Jaririn da aka samu cuta a jininsa yana da lambarsa. Wanda zargi kawai aka yi, gwaji ya nuna lafiyarsa lau, lambarsa daban.

Walƙiya ba ya karanta fayil har ƙarshe. Da ya ga "ana zargin", sai ya danna lambar cuta ya wuce. Anti, shugabar ɗakin, ita ke bin bayansa, tana gyara tana tsaki.

"Kai, wai korarka ake yi? Juya shafi mana!"

"Anti, ni da ido ɗaya nake karanta rubutun likita. Ku masu digiri ku yi ta juyawa."

Ranar tura rahoton wata, don tsokana, ya ɓoye gilashinta cikin kwalin takardu. Ta yi ta lalube har lokaci ya ƙure, rahoto ya tafi ba a duba ba.

Bayan kwana biyu sai ga sistar ɗakin jarirai ta banko ƙofa, takardar tuhuma a hannu.

"Jarirai talatin da cutar jini a ɗakina? Uku ne! Uku! An ce in ban yi bayani zuwa gobe ba, a bakin aikina. Wane mai ƙaiƙayin hannu ne ya yi wannan?"

Walƙiya ya ce ai kwamfuta ce.

Anti, da tuni ta tsinto gilashinta, ta zaro fayil guda. "To, karanta mana sunan uban wannan."

Ya duba, sai ga sunansa. Ɗansa ne, wanda aka haifa makonni uku da suka wuce, aka riƙe kwana biyu, gwaji ya wanke shi.

"Ɗan cikinka ka liƙa wa cuta, ko sunanka ba ka gani ba!" in ji sista. "In kira maka uwarsa, ko za ka juya shafi?"

Ya ja kujera. Fayil talatin, shafi bayan shafi, Anti tsaye a kansa. Da ya gama, sista ta tasa ƙeyarsa ofishin shugaban asibiti, ya yi bayani da bakinsa.

Darasi: Zargi daban, tabbas daban, kuma sauri kan haifi nawa. Ku tura wa abokinku mai gaggawa. Ni dai tun ranar nake juya shafi.