Gwauruwa Mai Injin Niƙa da Akwatin Gulma

Na rasa injin mijina mai shan dizal, na rasa asubata, na rasa sirrin cinikina wanda ko 'yar cikina ba ta sani ba. Na samu zane mai tsabta, da ƙirji marar tari, da garin tuwo wanda ba ya warin hayaƙi. Duk wanda ya ce na faɗi a wannan ciniki, ya zo mu zauna. Amma Mama Fasto ta ce misali ake bayarwa a ajin Lahadi, ba labarin kai ba, saboda haka ba zan kira sunan kowa ba. Ku kasa kunne.

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana da injin niƙa. Ana nan sai mutanen wani kamfani suka zo, suka shimfiɗa farantan sola a bayan kasuwa, suka gina ɗaki suka cika shi da batura masu ajiye wuta, suka ja waya gida gida. Gari ya yi murna ƙwarai. Gwauruwar ta sayar da tsohon injinta, ta sayi mai aiki da lantarki. Ta kunna shi, ba hayaƙi, ba ƙara mai toshe kunne, har tana jin hirar matan da ke layi. Ta yi rawa a ranar, da tsufanta.

To, a ƙauyen akwai mai walda, akwai kafinta mai injin katako. Su ukun nan da asuba suke fara aiki, gama haka suka gada: mata su niƙa kafin su tafi gona, manoma su gyara garma, kafinta ya bi sanyin safiya. Sai ya zama da sun kunna, wutar gari duka ta faɗi. Kowa ya ce ɗan'uwansa ne ke shanye ta. Kowa kuma ya ƙara sammako a ɓoye don ya riga saura, wutar ta ƙara saurin faɗuwa.

Sai wata budurwa, injiniyar kamfanin, ta zo wurin gwauruwar da ɗan akwati kamar sabulu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, a bar ni in manna wannan a bango. Zai riƙa gaya wa wayarmu lokacin da kika kunna da lokacin da kika kashe. In kowa ya yarda, mu haɗa labarin wuri ɗaya, mu ga inda ciwon yake."

Gwauruwar ta ce, "Wato magulmaciya kika kawo mini, in ba ta masauki? Nawa za ki biya?"

"Mama, ai ba a biya."

"To 'yata, ba a ɗauka."

Gama a ƙasar nan mai sana'a ba ta faɗin cinikinta. Dangin miji suna da dogon kunne, in sun ji injinki bai huta ba, gobe za ki ga takalmansu a ƙofa. Da mai walda da kafinta suka ji ta ƙi, su ma suka ƙi. Budurwar ta ce musu, "In wutar ta ci gaba da faɗuwa, manyana za su yanke wayar injinanku duka, su bar ƙwan fitila kawai." Gwauruwar ta tsorata, don tsohon injinta ya riga ya tafi, amma ba ta nuna a fuska ba.

Ran jajibirin bikin godiyar kaka, mata suka jera bokitan jiƙaƙƙen gero na kunu tun daga ƙofarta har bakin hanya. Ta kunna. Can mai walda ya kunna, kafinta ya kunna. Wuta ta faɗi, wannan karon har wani abu ya ƙone a ɗakin batura. Kun san jiƙaƙƙen gero ba ya jiran kowa. Wasu suka ɗora bokiti a kan babur zuwa wani ƙauye, na wasu ya yi tsami a wurin.

Ta ɗaura ɗamara ta nufi mai walda. Ta ce, "Kai mai tartsatsi, ka shanye wutar marayu, ka ƙoshi?"

Ya ce, "Haba Mama, injinki da ke haɗiyar buhu? Ni ɗan lasa nake yi."

Ta tsaya ta dube shi, ta ga da gaske shi ma bai san wanda ke sha ba.

Da gari ya waye ta tafi wurin budurwar da ƙafarta. Ta ce, "Ba roƙo na zo ba, ciniki na zo." Ta sa suna: wuta kyauta har ranar da za a binne ta. Budurwar ta taya da riga mai sunan kamfani. Gwauruwar ta tashi za ta tafi, aka riƙo zanenta. Ta zauna, ta sake tashi. Daga bisani suka daidaita, aka manna akwatin, mazan biyu ma suka bi.

Bayan kwanaki budurwar ta tara su ukun a gindin mangwaro, ta buɗe wayarta. Ga abin mamaki! Aikin kowa ya fito a zane kamar tudu, tudun nan uku kuwa sun hau kan juna a lokaci ɗaya, da asuba, sa'ad da batura suka kwana suna ciyar da fitilu, sun rame. Daga nan sai fili fetal. Sai ta nuna musu zane na huɗu, na kamfanin kansa: kafin rana ta take, batura sun cika sun batse, sauran wutar tana tafiya a banza kamar ruwan indararo da ba a tara masa tulu ba. Ashe kullum suna kokawa a kan ɗan ƙanzo, tukunya cike tana jiransu da tsakar rana.

Gwauruwar ta dangwala yatsa a tsakiyar filin ta ce, "Nan rabona ne."

Kafinta ya ce, "A'a, don me ita za ta fara?" Budurwar ta yi dariya ta ce, "Baba, kai kyauta ka ba da labarinka, ita kuwa ciniki ta yi." Mai walda ya ɗauki hantsi, kafinta ya ɗauki la'asar. Gwauruwar ta kafa rumfa, mata suna dawowa daga gona su sauke kaya a inuwa, su niƙa. Tun daga ranar wuta ba ta sake faɗuwa ba, ba a kuma yanke wayar kowa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ranar nan alherin Ubangiji ce, ba ta taɓa kasawa ba. Ɗakin batura shi ne jama'ar nan tamu, abin da aka tara domin kowa. Sammakon ɓoye kuwa tsoro ne, wanda ke ce maka ba zai isa ba, ka riga ɗan'uwanka. Akwatin shi ne faɗin gaskiya a tsakanin 'yan'uwa.

'Yan'uwana mata, ku dubi yadda muke yi. Wata ta kwanta ciwo, dukanmu mu kai mata abinci ran Lahadi har ya lalace, ran Laraba kuwa ko ruwan zafi ba mai dafa mata. Ba rowa ba ce, ba wadda ta gaya wa wata ranar da za ta je. Ku buɗe baki ku raba kwanaki, za ku ga ya isa har da saura. Sai dai ban ce ku zubar da labarinku a gaban kowane baƙo ba. Labarinki kayanki ne. Ki tambaya wa zai gani, me zai yi da shi, me zai dawo miki.

Na ga Rifkatu tana rufe baki tun ɗazu, ta san gwauruwar. To, ga farashin da na karɓa. Na bar maganar wutar kyauta, rigar ma na bar musu. Na ce akwatin ya faɗi lokacina, kada ya faɗi yawan masu zuwa wurina. Duk abin da suka gani nawa, ni ma in ga nasu. In aka zo rabon rana kuma, ni zan fara zaɓa. Na zaɓi tsakiyarta. A nan na ce na sallama.