Dashen Waziri

A zamanin da, an yi wani sarki da garinsa ke ci daga tafki guda. Wata shekara kainuwa ta rufe tafkin ruf. Jirgi ba ya ratsawa, taru ba ya nitsewa, kifi sai dai ya taso a mace.

Sarki ya tara fada ya ce, "Wa ya jawo mana wannan?"

Waziri Tanimu ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kainuwa dashen Allah ce." Alhali shi ya zo da ita cikin 'yar ƙwarya daga wata tafiya, don ta ba shi sha'awa. Da ta cika masa randa, ya sa aka juye a tafki.

Sarki ya ce a yi gayya. Kwana uku ana shela, ko mutum ɗaya bai fito ba. Aka kirawo Jatau, tsohon da ke shugabantar masunta. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, ba ƙi muka yi ba. Gayya sai da mai gayya. Mai dashe shi ke bin gidaje yana roƙo, shi ke ba da fura, shi ke fara shiga. To, an ce Allah ya dasa. Mu su wa da za mu tuge? Sai dai 'ya'yanmu su ci gaba da kwana da yunwa." Yana magana yana kallon ƙafar Waziri.

Can Waziri ya zame daga shimfiɗa, ya ce da 'yar murya, "Ranka ya daɗe, wannan dashen nawa ne."



Sarki ya ce, "Ba zan tuɓe ka ba. Cire rawanin da hannunka, ka je ka roƙe su."

Haka Waziri ya bi gari ƙofa-ƙofa, kai ba rawani. Tsofaffin mata na leƙowa: "Sannu da noma, Waziri! Baɗi me za a dasa mana?" Bai iya ɗaga ido ba. Amma fa sun fito, maza da kwanduna, mata da tuluna na furar da ya bayar. Shi ya fara shiga, laka har ƙirji. Aka kwashe, aka shanya a tudu, aka ƙone.

Jatau ya ce ko ƙwara ɗaya ta saura za ta dawo. Don haka kullum da safe sai ka ga Waziri a bakin tafki yana tsincewa, da ƙwaryar nan tasa.

Har tsufansa, in baƙo ya ce kainuwa dashen Allah, shi da kansa ke sunkuyar da kai ya ce, "Ban da ta tafkinmu."