Laifin Jakar Roba

Akwai wani shugaban ɗakin bincike da ma'aikata ke kira Oga Dakta. Aikinsu rainon ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ake haɗa magani da su. A cikin manyan jakunkunan roba ake rainonsu, irin waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a zubar.

Sai ƙwayoyin suka fara ƙin girma. A zuba, a jira, su mutu. A sake zubawa, haka dai. Masu jiran maganin suka dame shi da waya, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Da gajiya ta ci ƙarfinsa, sai ya huce a kan mataimakiyarsa, wata mai shiru-shiru da kowa ke kira Anti.

"Hannunki ne," ya ce a gaban kowa. "Ba kya tsafta."

"Wallahi ina bin ƙa'ida, Oga. Ni ma abin ya ɗaure min kai."

"To je ki gida ki huta."

Ta cire farar rigarta, ta rataye, ta fita.

Ya karɓi aikin da kansa. Ƙwayoyin suka mutu a hannunsa shi ma. Ya ƙi faɗa wa kowa.

Ana haka jakunkunan suka ƙare, sababbi ba su iso ba. Dole ya ciro tsofaffin kwalabe daga kabad ya zuba a ciki. Ƙwayoyin suka yi ta girma kamar ba su taɓa ciwo ba.

Sai ya fara zargin jakunkunan. Ya aika da robar a yi mata gwaji, aka gano wani sinadari ne ke tsatsowa daga jikinta yana kashe su.

Ya je gidan Anti, ya tsaya a bakin ƙofa kamar ɗan makarantar da ya makara.

"Laifin robar ne, ba hannunki ba. Ki yafe min, ki dawo."

"Na yafe, Oga. Amma na samu wani wurin." Ta dubi tafin hannunta. "Ka san har yau ina wanke hannun nan sai fata ta tsage? Na riga na yarda laifina ne."

Ya koma mota ya zauna, ya daɗe bai tada ta ba.

Darasi: Kafin ka nuna mutum da yatsa, bincika kayan aikinka tukuna. Magana zarar bunu ce, haƙurin da ka bayar daga baya ba ya mayar da ita. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa.